Ranar da Na Yi Shigar Talauci, Inna Ta Yi Aron Kujeru

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a tsakiyar bazara, ranar da na tsaya a tsakar gidanmu na Gwaram sanye da yagaggiyar rigar gona, riƙe da murfin kwano da aka zubo mini wuyan zabo a kai sadaka. A gidan ubana fa. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma tunda abin ya ƙare lafiya, gara in ba ku labarin da bakina kafin maƙwabcinmu Tanko ya ba ku da nasa, don shi duk lokacin da zai bayar sai ya ƙara gishiri.

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu. Lissafi nake koyarwa, kuma ni ne malamin ladabtarwa, wato ni ne mai tsayawa bakin ƙofa da safe ina duba farce da safa da takalmi, fuska a haɗe kamar ban taɓa dariya ba. Aikin nan na ɗauke shi da zafi. Akwai wani yaro Nura da na taɓa korawa gida saboda bai goge takalmi ba, mahaifiyarsa Hajiya Saratu ta zo ba da haƙuri, na tsayar da ita a rana na yi mata doguwar huɗuba a kan cewa shigar mutum ita ce take nuna gaskiyarsa. (Ku riƙe wannan huɗubar, za ta dawo ta same ni.) Ranakun aiki ina Birnin Kudu, a wani ɗan ɗaki da muke haya ni da abokin aikina Malam Habu. Ƙarshen mako in koma Gwaram wurin iyali: mahaifiyata Inna, matata Rabi, da 'yarmu tilo, wadda ta ci sunan Inna, shi ya sa muke kiranta Ummi.

Ummi tana da sikila. Wanda bai taɓa riƙe yaro a hannu lokacin da ciwon nan ya tashi ba, ba zan iya kwatanta masa ba, kuma ba na yi masa fatan ya sani. Yarinya ƙarama ta dube ka ta ce, "Baba, ana sara mini ƙashi," kai kuma ba ka da abin yi sai tofi da shafa. A da, duk tashin ciwo sai wani abu ya bar gidanmu. Akuya ta tafi, gero ya tafi, har 'yan kunnen auren Rabi sun tafi. Daga baya, lokacin ba ni da aiki sai noma, mai unguwa ya sa sunanmu cikin shirin lafiya na gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, aka ba mu kati. Ganin likita, maganin da take sha kullum, kwanciya, ƙarin ruwa, duk ba ma biya. Katin nan a leda biyu Rabi take naɗe shi, ta tura can ƙasan akwati. Ni kaina ba ta barina in taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu.

To sai Allah ya kawo aikin koyarwar. Albashin ba na a zo a gani ba ne, amma a Gwaram an fara ce mini Malam da gaske, na kuma sayi takalmi sau-ciki. Ana nan sai wata rana mai makarantar ya tara mu ya ce ya kawo mana ci gaba: inshorar lafiya ta ma'aikata. Wani mutumin kamfani mai ƙamshin turare ya yi mana bayani mai daɗi. Duk wanda yake so ya shiga, za a riƙa cire wani abu daga albashinsa duk wata, a riƙa yi masa magani shi da matarsa da 'ya'yansa. Ba dole, in ji shi. Da ya faɗi abin da za a cire, ni malamin lissafi ne, ban buƙaci biro ba. In na shiga, to ko dai in daina zuwa gida ƙarshen mako, ko gida ya daina cin abincin rana. Ga shi kuma asibitocin da kamfanin yake hulɗa da su duk suna nesa da Gwaram, ciwon Ummi kuwa ba ya jiran a cika mota. Na yi godiya, na ce ni a bar ni tukuna.

Da na bar maganar a nan da na huta. Amma sai na gaya wa Habu.

"Kai ai taka ta ƙare," in ji shi, yana ɓare gyaɗa hankali kwance. "Katin nan naku ka yi masa sallama."

"Kamar yaya?"

"Yanzu komai a kwamfuta yake, Malam. Suna ganin wurin aikinka akwai inshora, shi ke nan, kai ba talaka ba ne. Su zare sunanka su sa na wani."

"Ai ban shiga ba."

"Ko ka shiga ko ba ka shiga ba. An dai yi maka tayi ko? To magana ta ƙare."

(Habu mutum ne da tunda na san shi bai taɓa cewa bai sani ba. Ko maganar jirgin sama ake yi, sai ya ce ɗan ƙanwar babarsa ne yake tuƙawa. Na san halinsa sarai. Amma tsoro ya sa na yarda da shi kamar wanda ya zo da wahayi.)

Kamar da haɗin baki, ba a daɗe ba Rabi ta kira ni ta ce mai unguwa ya aiko: ma'aikatan shirin za su bi gida-gida su sake tantance masu kati, mu ranar Laraba za a zo mana. Na kasa cin abinci, na kasa koyarwa, na ba 'yan aji aikin da ni kaina ban duba ba. Habu ya ce in kwantar da hankalina, akwai dabara. Ya ce mutanen nan ba sa tambaya da yawa, ido suke amfani da shi. Su dubi ɗaki, su dubi abin hawa, su dubi takalmin maigida. In suka ga talauci ƙuru-ƙuru, ko kwamfuta ta ce kana da aiki za su ce kuskure ne. Abin da ake buƙata kawai shi ne talaucin ya fito fili.

Ranar Asabar na isa gida na shiga aiki. Tsohon babur ɗin da na gada daga babana, wanda sai an tura shi yake tashi, na gangara da shi gidan Tanko na ce ya ɓoye mini har baƙi su zo su tafi. Tanko ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa katanga ɗaya da namu, kuma bakinsa ba ya rufuwa, amma ba ni da wani wurin. 'Yar fankarmu mai caji da rediyo da agogon bango na cusa su bayan buhuna a ɗakin hatsi. Har labulen ƙofa na cire. Rabi tana tsaye tana kallona da hannu a haɓa.

"Malam, ni dai da an bar komai yadda yake," ta ce. "Me muke da shi da har za a ɓoye?"

Na ce mata ita ba ta san gwamnati ba. (Ni da na san ta, ta bakin Habu.)

Saura Inna. Nan ne na tafka babban kuskuren. Inna ba ta iya ƙarya ba, ko ta wasa, don haka na yanke shawarar kada ta san komai. Ga kuma wani abu: ni ne ɗanta na fari. Tun tasowata ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ko "yaron nan", in kuwa za ta yi mini magana sai ta dubi bango ko ta bi ta kan Rabi. Hira mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba. Saboda haka da zan koma ranar Lahadi, na durƙusa daga bakin ƙofarta na ce, "Inna, ran Laraba za mu yi baƙi daga gwamnati. Mutanen da suke ba Ummi magani ne za su zo su gan mu."

Ta dubi bango ta ce, "Masu ba ta magani? Allah ya kawo su lafiya."

Na tafi ina jin na gama shiri. Ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin abin da kalmar baƙi take nufi a kunnen Inna ba, balle baƙin da suke ceton ran jikarta.

Laraba da safe na nemi izini a makaranta na ce uzurin gida. Dama na taho da rigar gonata daga Gwaram a leda, wadda rana da gumi suka cinye har ba a gane launinta. Na saka, Habu ya zagaya ni yana girgiza kai kamar tela.

"Ba ta yi ba. Talaucin bai fito ba."

Ya kama hannun rigar ya ƙara ɓarka shi har kafaɗa. Ya samo mini wasu silifas da aka ɗaure da waya, ya sa na tattaka ƙasa har ƙafata ta yi furu-furu, ya hana ni shafa mai. Da na ɗauki wayata zan sa a aljihu sai ya fizge. "Talaka da waya mai shafawa? Ajiye ta nan." Na ajiye. Na naɗa wani tsohon ƙyalle a kai na rufe rabin fuska don kada ɗalibaina su gane ni, na bi lungu-lungu har tasha.

A tasha, ni da aka saba ce wa "Malam, ga gaba," kwandastan ranar ya tare ƙofa da hannu ya ce, "Kai, kuɗinka tukuna." Ya tura ni can baya tare da buhunan albasa. Motar ta daɗe ba ta cika ba, rana ta take. Wata tsohuwa da ke gefena ta yi ta satar kallona, can ta kwance bakin zane ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ta ce, "Ci, bawan Allah, komai mai wucewa ne." Na karɓa na ci. Wallahi har daɗi na ji a raina, na ce lallai shiri ya karɓu. A daidai lokacin, kamar yadda na ji daga baya, wayata tana can kan katifa a Birnin Kudu tana ta ruri. Rabi ce take kira.

Tun daga bakin layinmu na fara jin wani abu ba daidai ba. An share ƙofar gida tas, an yayyafa ruwa. Ga mota fara a gindin darbejiya, wato baƙi sun riga ni. Ƙamshin turaren wuta da na soyayyen nama ya tare ni tun daga zaure. Na tsaya na sake duban ƙofar, don na yi zaton gidan wani na shigo.

Na leƙa tsakar gida. Jama'a, ban san gidanmu ba. Ƙarƙashin rumfa an shimfiɗa wani jan kafet mai laushi. A kansa kujerun kushin manya-manya, masu hannun zinare. Ga teburin gilashi, ga wata ƙatuwar talabijin an jingina ta da bango, ga fanka mai tsayi, ga kuloli masu sheƙi jere, ga lemo a cikin ƙanƙara. Labule mai fure a kowace ƙofa, har da ta ɗakin hatsi. Inna tana gefe cikin atamfar da ba ta sakawa sai da salla, tana ta "Ku ƙara mana, ai ba ku ci komai ba." Abin da ya faru shi ne, tun ranar Litinin Inna ta bi maƙwabta gida-gida tana aro, don a fita kunyar baƙi. Rabi kuwa surukarta ce, ba ta da bakin da za ta ce mata a'a, balle ta ce ɗanki ya shirya ƙarya.

Baƙin su biyu ne. Wani saurayi da 'yar na'urar rubutu a cinya, da wata mace mai gilashi tana goge hannu. Ina ganin gilashin nan na gane ta. Hajiya Saratu ce, mahaifiyar Nura. Ashe a shirin nan take aiki.

Da ina da hankali da na juya. Amma ƙafa ta riga ta shiga, kuma sallamar da na yi ta gwadawa a mota, 'yar siririya irin ta mai jin yunwa, ta riga ta fita daga bakina. Kowa ya waiwayo. Na ƙara jan ƙyalle na rufe hanci.

Saurayin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Inna, wannan na gida ne?"

Inna ta kalle ni sau ɗaya. Na ga idonta ya sauka kan ɓarkakken hannun rigar, ya gangara kan silifas. Ta kawar da kai ta dubi bango.

"Ku tambayi masu shi," ta ce.

(Don Allah kada ku ga laifinta. Ko cikin babbar riga na shigo, Inna ba za ta buɗe baki gaban mutane ta ce wannan ɗana ne ba, kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ba. Balle ga ni kamar wanda aka tono daga rami.)

Saurayin, yaron kirki, ya ɗauka ƙamshi ne ya jawo ni daga titi. Ya ce, "Ayya. Bari a sam masa, Inna." Da hannunsa ya ɗauki murfin kwano ya zuba shinkafa, ya ɗora wuyan zabo, ya miƙo mini. "Karɓi, Malam, je ka zaure ka ci. Masu gida suna da baƙi."

Na sa hannu biyu na karɓa. To me zan yi? Har na ce, "Allah ya saka." Ta ƙofar madafi na hango Rabi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba kuka take ko dariya. Na fara ja da baya a hankali, niyyata in kai zaure in ajiye kwanon in ruga, in ya so daga baya a ce maigida bai samu zuwa ba.

Sai ga Ummi ta fito daga ɗaki.

"Baba! Baba ya dawo!"

Ta rugo ta rungume ƙafata. Na sunkuya in ce mata ta yi shiru, ta kama ƙyallen ta fizge. Ta dubi rigar, ta dubi ƙafata, idonta ya ciko da ƙwalla. "Baba, ɓarayi ne suka tare ka?"

Hajiya Saratu ta gyara gilashinta, ta ɗan matso gaba.

"Malam? Malamin ladabtarwa?"

Na ce, "Na'am, Hajiya. Sannu da zuwa." Da murfin kwano a hannu.

Ba ta yi sauri ba. A hankali ta sauke idonta har kan silifas ɗin nan masu waya, ta daɗe a wurin, sannan ta ɗago. "Ashe yau ba a samu goge takalmi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba. Maimakon haka sai muka ji wani irin tari da ƙara daga zaure, wanda duk Gwaram an san shi. Babur ɗina ne. Tanko ya turo shi har tsakar gida yana haƙi, yana washe baki.

"Salamu alaikum! Malam, ashe ka iso. Ai da na ga Inna ta sa an kwashe kujeruna an kawo nan, sai na ce to shiri ya canza, yau arziki ake nunawa ba talauci ba. Shi ne na ce bari in kawo maka babur ɗin da ka ce in ɓoye, a jera da shi." Sai a lokacin ya dube ni da kyau. "Af. Kai kuma ba a gaya maka an canza ba?"

A nan dariya ta ƙare mini, ko da yake dama ni ban fara ba. Na ga saurayin ya ajiye cokali ya ɗauki na'urarsa. Na dubi abin da idonsa yake gani: gida cike da kayan alatu, babur da aka ɓoye, maigida mai albashi ya yi shigar bara. In ni ne shi, da na soke sunan tun kafin a ɗauke kwanuka. Ummi tana maƙale da ƙafata, 'yan hannayenta sirara kamar sillen kara. Na tuna daren da muka rasa abin sayarwa, na tuna 'yan kunnen Rabi. Tsoro na gaske ya kama ni, irin wanda kunya ba ta kai shi ba. Da hannuna, da wayona, na jawo za a karɓe wa yarinyar nan magani.

Sai kawai na fara magana. Na faɗi komai: aikin, inshorar da aka yi mana tayi, abin da za a cire da yadda ba zan iya ba, maganar kwamfuta, fankar da ke bayan buhuna, har wanda ya ɓarka hannun rigar. Na ce, "Hajiya, laifin nawa ne. In hukunci ne a yi mini. Amma yarinyar nan ba ta san komai ba, kuma in babu katin nan ban san inda zan sa kaina ba." Haka na faɗa, gaban Tanko, gaban kowa.

Inna ce ta fara motsi. Ba ni ta duba ba, Rabi ta duba.

"Ke Rabi. Abin da wancan yake faɗa haka ne? Ba gaisuwa suka zo ba? Kujerun nan za su iya sa a karɓe katin?"

Rabi ta gyaɗa kai tana share ido.

Inna ta miƙe. Ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu kamar za ta shiga daka. Ta je gaban baƙuwar ta ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, ɗan tashi." Hajiya ta tashi. Inna ta dafa kujerar. "Wannan da 'yan uwanta na gidan Tanko ne, ga shi nan a tsaye. Tebur na amaryar gidan liman ne. Wancan allon kallon ban ma san yadda ake kunna shi ba, gidan nan ko wayar lantarki babu. Kulolin nan na mutum uku ne. Atamfar jikina tawa ce, amma ta girmi yarinyar nan." Ta sunkuya, da tsufanta, ta kama bakin jan kafet ɗin ta fara naɗewa, sai da saurayin ya ɗage ƙafafu. Ƙasan gidanmu ta bayyana, da faci-facinta. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarmarmu mai ɓulalliyar tsakiya ta shimfiɗa. "Ga namu. A kan wannan muke zama. Zabin ne kawai nawa, su ke nan gare ni, kuma kun ci, Allah ya sa albarka."

Ku da ba ku san Inna ba ba za ku gane abin da ta yi ba. Matar nan ko ranar da ba mu da abin dafawa sai ta hura wuta, don kada maƙwabta su ga gidan babu hayaƙi. Rufin asiri shi ne dukiyarta kaf. Ranar nan ta kwance shi da hannunta gaban baƙi, saboda jikarta. Ni da na zo da dabara ban yi wa Ummi rabin abin da ta yi ba.

Hajiya Saratu ta zauna kan tabarmar. Ta cire gilashi ta rufe fuska da tafi, kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take, har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, wallahi tun da na shigo na san na aro ne. Jan kafet ɗin nan jiya a kansa na zauna a wani gida can ƙasan kasuwa. Ga ƙunar dutsen guga nan a gefensa. Duk inda muka nufa sai mu tarar ya riga mu." Tanko ya fashe da dariya har da dukan sirdin babur.

Sannan ta juyo kaina, ta daina dariya. Ta ce ba kujera suke tantancewa ba, ba kuma riga ba. Don an yi wa mutum tayin inshora a wurin aiki, bai zama yana da ita ba. Abin da suke dubawa shi ne, shin ya shiga? In bai shiga ba, abin da yake shigowa gidan zai iya ɗaukar ta ko ba zai iya ba? Ta ce za su tuntuɓi makarantar su tabbatar ban shiga ba, in kuma wata rana hali ya canza na shiga, in zo da ƙafata in faɗa, don a ba wani gurbin. "Yanzu gaya mini gaskiya, Malam. Nawa ake biyanka?"

Na dubi Tanko, wanda ya miƙo wuya kamar zakara. Na matsa kusa na faɗa ƙasa-ƙasa.

Saurayin ya ɗago daga na'urarsa. "A sati?"

"A wata," na ce.

Suka dubi juna. Saurayin ya dubi murfin kwanon da har lokacin yake hannuna, kamar yana tunanin ya ƙara mini cinya. Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Haba Malam. Ai da ka huta da yaga riga. Ko da kwat da sau-ciki ka zo, wannan albashin shi kaɗai ya isa shaida."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. An ci mini fuska iyakar ci, an tabbatar gaban maƙwabci cewa ni talaka ne na asali ba na kwaikwayo ba, kuma tunda nake ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Na jawo Ummi jikina, na ba ta wuyan zabon.

An sabunta katin. Da damina ta shigo da sanyinta ciwon ya tashi, aka kwantar da Ummi, aka yi mata duk abin da ya kamata, muka dawo gida ba mu sayar da ko kaza ba. Rabi ta ƙara wa katin leda ta uku. Rigar kuwa Inna ta yayyanka ta, da ita ake sauke tukunya yanzu, kuma har yau ba ta ce mini uffan a kan maganar ba, sai dai ta gaya wa bango cewa wasu mutane karatu bai amfane su da komai ba. Tanko ya raɗa mini suna Mai Wuyan Zabo, sunan ya bi ni har masallaci. Habu, da na ba shi labari, cewa ya yi dama shi ya san haka dokar take.

Litinin ɗin da ta biyo bayan tantancewar na tsaya bakin ƙofar makaranta kamar kullum, na haɗe fuska. Sai ga Nura. Ya zo gabana ya tsaya ƙyam, ya miƙo ƙafa ɗaya, takalmi yana ta ƙyalli. Sannan a hankali, irin na uwarsa sak, ya sauke ido ya duba nawa. Na ce masa ya wuce aji. Tun daga ranar ban sake korar yaro a kan takalmi ba.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. In za ka gaya wa tsohuwa baƙi za su zo, to ka gaya mata abin da yake kawo su, kuma kada ka bar wayarka a wani gari. In kuwa tantance talakawa za a yi, malamin makarantar kuɗi ba ya buƙatar wani shiri. Ya yi wankansa, ya goge takalminsa, ya je ya faɗi albashinsa.